FASHIN BAƘI: Yadda Maiduguri ta shafe kusan shekara guda babu wutar lantarki, da abin da hakan ya yi wa rayuwar jama'a

A watan Janairun 2021, mayaƙan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram a 2016, suka tarwatsa wasu turakun babban layin lantarkin da ya taso daga Damaturu zuwa Maiduguri. Turakun suna cikin daji, nesa da gari. Amma daga wannan rana babban birnin Jihar Borno ya fita daga tsarin lantarki na ƙasa, kuma ya shafe kusan wata goma sha ɗaya a haka, in ban da 'yan kwanaki kaɗan a watan Maris.

Ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne a Najeriya. Jama'a sun saba da a ɗauke, a kawo, har sun tsara rayuwarsu a kan haka. Matar gida ta san lokacin da za ta yi guga, mai walda ya san sa'ar da zai tashi ya kama aiki ko da tsakar dare ne, mai rijiyar burtsatse ya san yaushe zai cika tankinsa. Duk wannan dabara ta ginu ne a kan tabbacin cewa wutar za ta dawo. Abin da ya sami Maiduguri shi ne gushewar wannan tabbaci, shi ya sa labarinta ya zama misali mafi bayyana na abin da ke faruwa idan birni sukutum ya rasa wuta.

Ta yaya turaku kaɗan suka kashe wa birni guda wuta?

Tun bayan sayar da kadarorin tsohuwar NEPA, wadda ta koma PHCN, ga 'yan kasuwa a watan Nuwamban 2013, harkar lantarki a Najeriya ta kasu gida uku. Akwai kamfanonin da ke samar da wutar, akwai Kamfanin Dakon Wutar Lantarki na Ƙasa, TCN, wanda ya ci gaba da zama mallakin Gwamnatin Tarayya, sannan aka kafa kamfanoni 11 masu rarraba ta ga jama'a. Jihohin Borno, Yobe, Adamawa da Taraba suna ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Yola, wato YEDC.

Mafi yawan wutar ƙasar ana samar da ita ne daga tashoshi masu amfani da iskar gas da ke Kudu, sauran kuma daga madatsun ruwa irin su Kainji, Jebba da Shiroro a Jihar Neja. Kafin wuta ta isa Maiduguri sai ta ratsa ɗaruruwan kilomitoci, ta bi ta Jos, ta bi ta Gombe, ta sauka Damaturu, sannan ta kama zangon ƙarshe na kimanin kilomita 130 a kan layi mai ƙarfin kilobolt 330. Wannan zango yana bin gefen babbar hanyar da ta ratsa Benisheikh, Mainok, Jakana da Auno, garuruwan da suka sha fama da hare-hare.

Maiduguri tana can ƙarshen layi. Babu wani babban gari a bayanta da wutar za ta zagayo ta cikinsa. Akwai tsohon layi mai ƙarfin kilobolt 132 da ya biyo ta Biu da Damboa, amma rikicin ya riga ya durƙusar da shi tun kafin 2021. Injiniyoyin lantarki suna da ƙa'idar da ke cewa ya kamata a gina tsari ta yadda idan layi ɗaya ya faɗi, wani zai ɗauki nauyinsa nan take. A Maiduguri babu na biyun. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan ita ce tsagar da maharan suka gano.

Yadda abin ya gudana

Harin 2021 ba shi ne na farko ba. A watan Janairun 2020 ma TCN ya sanar da cewa 'yan ta da ƙayar baya sun lalata layin Damaturu, suka raba Maiduguri da wutar ƙasa na wani lokaci. Abin da ya bambanta 2021 shi ne naci.

Bayan harin Janairu, ma'aikatan lantarki suka shiga aikin gyara tare da rakiyar jami'an tsaro. A cikin wannan aiki ne motarsu ta taka nakiyar da aka binne a hanya, wasu daga cikinsu suka jikkata. Duk da haka aka kammala gyaran, wuta ta dawo a makon ƙarshe na watan Maris, jama'a suka yi ta murna. Kwana uku kacal bayan nan aka sake tarwatsa wasu turakun, murna ta koma ciki. A watan Satumba aka ƙara kai hari kan layin, a daidai lokacin da gyara ya yi nisa. Sai a watan Disamba wuta ta fara leƙo wasu sassan birnin, ita ma ba isasshiya ba.

Akwai babbar tazara tsakanin ɓarna da gyara. Mutane kaɗan da abin fashewa suna iya kayar da turken ƙarfe cikin dare ɗaya. Ta da shi kuwa sai an zuba sabon tushe da siminti, an kawo ƙarafa da manyan motoci, an ja wayoyi, an kuma girke sojoji a wurin na tsawon makonni.

Ruwa ne ya fara tafiya

Idan aka ce babu wuta, hankali ya fi tafiya ga duhu. Amma abin da ya fara taɓa rai shi ne ruwa. A lokacin, Maiduguri tana samun ruwanta ne daga matatar da ke jan ruwan madatsar Alau da kuma ɗimbin rijiyoyin burtsatse na gwamnati da na masu zaman kansu. Dukkansu suna buƙatar injin da zai zuƙo ruwan ya tura shi tanki ko bututu, injin kuma yana buƙatar wuta.

Mai rijiyar da a da yake jiran wutar gwamnati ya cika tankinsa, yanzu dole ya ta da janareta ya ƙona mai. Sai ya ɗora kuɗin man a kan 'yan ga-ruwan da ke saye a hannunsa, su kuma su ɗora a kan kowace jarka da suka tura a kura zuwa ƙofar gida. A ƙarshe magidanci ne ke biya. Masu hali da suka saba buɗe wa maƙwabta famfo kyauta, da yawansu sun rage lokacin da suke bayarwa, domin sadakar ta koma ta man fetur.

Gidan da ruwa ya yi wa tsada ba ya daina sha, sai dai ya rage wanka, wanki, wanke-wanke da tsaftar banɗaki. A birnin da ya cika ya batse da 'yan gudun hijira, wasu a sansanoni, mafi yawa a gidajen 'yan uwa da kangaye, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Shekarar 2021 kuwa ita ce wadda Najeriya ta fuskanci ɗaya daga cikin ɓarkewar cutar kwalara mafi muni a 'yan shekarun nan, kuma Borno na cikin jihohin da abin ya shafa. Babban makamin yaƙi da kwalara shi ne wadataccen ruwa mai tsafta, abin da rashin wuta ya ƙara nisantar da shi daga talaka.

Sana'o'in da suka tsaya, da waɗanda suka rame

Tattalin arzikin Maiduguri, kamar na sauran biranen Arewa, yana tsaye ne a kan ƙananan sana'o'in da ake cin ribarsu a kullum. Rashin wuta ya raba su kashi-kashi.

Kashi na farko su ne waɗanda ƙaramin janareta ba ya iya ɗaukar aikinsu: masu walda, masu yin ƙofofi da tagogin ƙarfe, masu injin yankan katako, masu shagunan sanyaya kifi da kaji, da masu sarrafa ruwan leda. Waɗannan ko dai su nemi babban inji mai shan dizal, wanda ba kowa ke da jarinsa ba, ko su rufe. Duk shagon waldar da aka rufe kuma, akwai yaran shago da ke koyon aiki a cikinsa, waɗanda abin da maigida ke ba su da yamma shi ne abincinsu.

Kashi na biyu su ne waɗanda suka ci gaba da aiki amma ribar ta koma gidan mai: masu aski, teloli masu keken lantarki da injin surfani, masu wanki da guga, masu shagunan buga takardu da ɗaukar hoto, da masu gidajen kallon ƙwallo. A 2021 farashin litar fetur a hukumance yana tsakanin naira 162 zuwa 165. Mai askin da ke ta da janareta saboda kai ɗaya ko biyu yana da zaɓi biyu, ya ƙara kuɗi abokan ciniki su ragu, ko ya bar farashi yadda yake ya yi wa gidan mai aiki.

Kashi na uku su ne mata masu sana'a a cikin gida, waɗanda ba kasafai ake lissafa su ba. Zoɓo, kunun aya, lamurje da ƙanƙarar leda duk sana'o'in firji ne. Matar da ke ciyar da 'ya'yanta da firji ɗaya, musamman wadda rikicin ya raba da mijinta, ba ta da janaretan da zai riƙe firjin dare da rana. Jarinta ƙarami ne, kwana kaɗan na rashin ciniki ya isa ya cinye shi.

Faɗuwar wani tashin wani. Masu sayar da janareta da makanikansu, 'yan bumburutu, masu shagunan cajin waya da dillalan kayan sola sun sami kasuwa. Sai dai kuɗin da suka samu daga aljihun maƙwabtansu ya fito, babu wata sabuwar dukiya da ta shigo gari.

Azumi a tsakiyar bazara

Watan Ramadan na 2021 ya kama daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, lokacin da zafi a Maiduguri kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. An yi azumin gaba ɗaya babu wutar gwamnati. Ƙanƙarar buɗe-baki, wadda a da ake karɓa kyauta a gidan maƙwabci, ta zama hajar da ake layi a kanta.

Da dare ɗakunan kwano sukan riƙe zafin yini, babu fanka, sai jama'a su fito tsakar gida ko ƙofar gida su kwana, inda sauro ke jira. Tsofaffi, jarirai, masu juna biyu da masu hawan jini ko ciwon ƙoda su ne zafi ya fi yi wa illa. Gidajen da ke da janareta su ma suna da nasu haɗarin. Tsoron ɓarayi kan sa a shigar da injin cikin soro ko kusa da tagar ɗaki, alhali hayaƙinsa na ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da launi ko wari, tana iya kashe mutum yana barci.

Asibiti ba ya jira

Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri suna da janaretoci, amma an tanade su ne domin cike giɓin sa'o'i, ba domin su maye gurbin wutar ƙasa wata da watanni ba. Injin da ke aiki ba hutu yana yawan lalacewa, kuɗin dizal kuma yana cinye abin da ya kamata a kashe a kan magani da kayan aiki.

Akwai abubuwan da ba sa jure katsewa ko ta ɗan lokaci. Yawancin alluran rigakafi sai an adana su a sanyin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 8. Jinin da ake ƙara wa marasa lafiya shi ma sai a firji. Na'urar wankin ƙoda, kwalbar rainon bakwaini, injin samar da iskar numfashi da fitilar ɗakin tiyata duk wuta suke ci. Mai ciwon sukarin da ke ajiye allurar insulin a gida yana cikin wannan lissafi.

A ranar 23 ga Fabrairun 2021, ana tsaka da wannan duhu, 'yan Boko Haram suka harba rokoki cikin birnin, suka faɗa unguwanni irin su Gwange da Adam Kolo, suka hallaka mutane, ciki har da yara. Waɗanda suka jikkata an kai su asibitocin da su kansu ba su da wutar gwamnati.

Waya, karatu da tsaro

A birnin da ke zaune cikin fargabar hari, waya kayan tsaro ce. Da ita ake sanar da 'yan uwa inda ake harbi, da ita ake kiran agaji, da ita ake karɓar kuɗi daga ɗan da ke aiki a Abuja ko Legas. Rashin wuta ya mayar da cajinta wani kashe kuɗi na kullum. Turakun kamfanonin sadarwa, bankuna da masu POS su ma sun koma dogaro kacokan da dizal, fetur da batir.

Ɗaliban jami'a da na sauran manyan makarantu, waɗanda ba su daɗe da komawa aji ba bayan kullen korona da yajin aikin ASUU na 2020, sun tarar da ɗakunan gwaje-gwaje da na kwamfuta suna jiran a ta da inji. A ofisoshi kuwa, aikin da ke buƙatar kwamfuta da na'urar buga takarda ya koma na sa'o'in da aka samu mai.

Wa ya fi ɗaukar nauyin?

Duhun ya rufe gari ɗaya, amma bai raba wahala daidai ba. Ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji, manyan otal-otal, bankuna da gidajen masu hali sun ci gaba da haskakawa, domin dama can suna da manyan janaretoci ko farantan sola da batura. A wurinsu katsewar ƙarin kashe kuɗi ce.

Talaka kuwa ya biya sau da yawa, a kuɗin ruwa, a kuɗin caji, a kuɗin aski, a kuɗin ƙanƙara, da kuma a aikin da ya rasa. Wutar gwamnati, duk da rashin tabbas ɗinta, ita ce mafi arha da yake iya samu. Wutar ƙaramin janareta ta ninka ta tsada, kuma wanda bai mallaki injin ba yana sayen wannan wuta mai tsada ne a fakaice, a cikin farashin duk abin da ya taɓa.

Wannan ne ya sa dokokin yaƙi na duniya ba su ɗauki irin wannan hari da wasa ba. Ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977 ya haramta lalata abubuwan da rayuwar fararen hula ta dogara a kansu, ya kuma ambaci wuraren samar da ruwan sha ƙarara. A birni irin Maiduguri, wanda ya yanke wuta ya yanke ruwa.

Wane mataki aka ɗauka?

Da ta bayyana cewa gyaran turaku kaɗai ba zai wadatar ba, sai aka koma tunanin samar da wutar a cikin garin. A 2021 kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ƙarƙashin Mele Kyari, ya sanar da shirin gina tashar gaggawa mai amfani da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, bayan tattaunawa da gwamnatin Babagana Umara Zulum. An ba kamfanin CMEC na ƙasar Sin da General Electric na Amurka aikin. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ita a watan Maris na 2023, fiye da shekara biyu bayan harin farko.

Tashar ta rage dogaron birnin da layin Damaturu, amma tana da nata raunin. Babu bututun iskar gas da ya isa Maiduguri, saboda haka da manyan motoci ake kai mata makamashi daga nesa. Wutarta ta dogara da lafiyar hanya da kuma biyan kuɗin gas a kan kari.

Abin da jama'a suka yi da kansu ya fi saurin yaɗuwa. Farantan sola sun yawaita a kan rufin gidaje, shaguna, masallatai da rijiyoyin burtsatse. Sai dai sola tana buƙatar kuɗi mai kauri a tashin farko, abin da ya sake fifita mai shi a kan maras shi.

Ba Maiduguri kaɗai ba

A watan Oktoban 2024, mafi yawan jihohin Arewa suka ɗanɗana irin wannan. An riga an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna a yankin da 'yan bindiga ke da ƙarfi, sai nauyin ya koma kan layin da ya taso daga Ugwuaji a Jihar Enugu zuwa Apir a Jihar Binuwai. Da shi ma ya faɗi, Kano, Kaduna, Katsina, Jos, Bauchi, Gombe da sauransu suka shafe sama da mako guda cikin duhu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin a lokacin an riga an cire tallafin mai tun watan Mayun 2023, kuma litar fetur ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Janaretan da ya zama mafaka a Maiduguri a 2021 ya fi ƙarfin mutane da yawa a 2024.

A Yamai kuwa siyasa ce ta yanke wutar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta dakatar da wutar da take sayar wa Nijar a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar daga Najeriya yake zuwa. Kamfanin Nigelec ya koma rabon wuta unguwa-unguwa, har zuwa lokacin da aka ɗage takunkumin a farkon 2024.

Dalilan sun sha bamban, a nan ta'addanci, a can 'yan bindiga da lalacewar layi, a can kuma takunkumi. Raunin dai iri ɗaya ne: birane masu miliyoyin mutane suna rataye a kan hanyar wuta ɗaya da ta fito daga nesa.

Abin da ya rage a hannun jihohi

Shekaru da dama gwamnonin jihohi suna da hujjar cewa lantarki hurumin Gwamnatin Tarayya ne. Wannan hujja ta raunana. A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sanya hannu kan gyaran kundin tsarin mulkin da ya bai wa jihohi damar samarwa, dako da rarraba wuta har a yankunan da layin ƙasa ya ratsa. A watan Yuni na wannan shekara Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sabuwar Dokar Lantarki, wadda ta ba kowace jiha ikon kafa hukumar da za ta kula da kasuwar wutarta.

Saboda haka akwai tambayoyin da mazauna kowane babban birni a Arewa ke da 'yancin yi wa gwamnansu da wakilansu a majalisa. Layuka nawa ne ke shigo da wuta garin, kuma idan ɗaya ya faɗi me zai faru? Matatar ruwa, manyan asibitoci da wuraren adana alluran rigakafi suna da wutar kansu da za ta riƙe su makonni, ko sa'o'i kawai? Jihar ta yi dokar lantarkinta, kuma nawa ta ware a kasafin kuɗi domin aiwatar da ita? Wane tanadi aka yi wa masu ƙananan sana'o'i da za su sayi sola a biya sannu a hankali?

A Maiduguri, babu wanda ya tanadi amsar waɗannan tambayoyi kafin watan Janairun 2021. Dawo da wutar ya ci wata goma sha ɗaya, gina tashar gaggawa ya ci fiye da shekara biyu, kuma a tsawon wannan lokaci masu sayen ruwa a jarka ne suka riƙa biyan bambancin.